Ranar da Baba Ya Sa Aka Rubuta Sunana

Ina aji shida aka ce za a tura yara biyar jarrabawar makarantar masu hazaƙa. Ni ce ta ɗaya a ajinmu, amma Malam bai kira sunana ba. Na dai lura duk waɗanda ya kira masu sa safa ne, 'ya'yan masu hali.

Washegari da rana Baba ya bar wurin facin tayarsa a Ƙofar Durɓi, ya riƙo hannuna har makaranta. Har yau in na ji warin sholishon faci sai in tuna hannunsa.

Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, mi ya hana ɗiyata shiga?"

"Makarantar kwana ce, Malam Sani. Ko ta ci, wa zai saya mata akwati da katifa? Sauƙi na yi maka."

Na ja rigar Baba mu tafi. Bai motsa ba.

"Kanta za a gwada ko aljihuna? Rubuta ta."

Malam ya rubuta yana tsaki. Baba bai iya boko ba, sai ya miƙo mini takardar.

"Karanta mani in ji."

Ni da ko gaisuwa ciki-ciki nake yi, ranar har ajin kusa sun ji sunana.