Garin da Ba Zan Goge Ba

Sau tara ke nan suna fasa min ganuwa a wasan yaƙin nan na waya. Maharbana sun ƙare, dawakai uku suka rage.

Na miƙa wa Nonso, mai gyaran waya a kasuwar Azare. Ya duba, ya kwashe da dariya.

"Haba Alhaji! Abokan gaba suna bakin ƙofa, ka kwashe mayaƙa ka tura su girbi?"

"Gero ya nuna. Ba a barin gero a gona."

"Wannan garin ya riga ya mutu. Kawo in goge maka, ka fara sabo."

Na fizge wayar.

A majalisa ana cewa Alhaji Gidaɗo ya tsufa ya koma wasan yara. Su yi ta faɗa. Ban yi boko ba, amma na gane rubutun da ke saman ganuwar: sunan Abdurrahim ne. Shi ya gina garin, gida bayan gida, wata huɗu yana kwance a asibiti. Ranar da muka kai shi makwancinsa aka damƙa min wayarsa.

Ɗana na binne, ban binne garinsa ba. Su zo karo na goma, ina nan.