Manyan Tayoyin Auta

Ranar da Auta ya sa wa a-kori-kurarsa manyan tayoyi, sai da ya zagaya layinsu sau uku kafin ya nufi gida. Motar ta yi tsayi har sai ya kama ƙofa yake iya hawa. Ba wani daji yake shiga da ita ba, buhunan abincin kaji yake kaiwa gonaki a kan kwalta lafiyayya. Ya dai gani ne a motar wani, abin ya shiga ransa.

Da ya zo shiga garejinsa, ƙarfen saman motar ya daki bakin ƙofa. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce to ga mota ta fi ƙarfin ɗakinta. Dole ya nemi inda za ta riƙa kwana, sai ya nufi gidan yayansa.

Yaya tela ne, shagonsa na ƙofar gida, ga fili a gefe. Shi ya riƙe Auta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon tuƙi. Gwiwar Yaya ta dama ta daɗe da lalacewa, shi ya sa ya sayi ɗan janareta da ke juya masa keken ɗinki idan an ɗauke wuta. Da jin buƙatar ƙanin nasa, ya kwashe itacen da ke filin da hannunsa, ya ce Auta ya ajiye motarsa har ya gaji.

Sati bai cika ba Auta ya ga abin da bai gane ba. Man da yake sha ya yi masa kwana huɗu, yanzu da ƙyar yake kai uku. Ya duba agogon da ke ƙirga tafiyar motar, ya ga tafiyar ma kamar ta ragu. To ina man yake zuwa? Bai ko kalli tayoyin ba, su da yake wankewa kullum da safe kamar kwanon cin abinci. Abin da ya canza a lissafinsa shi ne wurin kwanan mota. Kuma duk safiya idan ya zo, janaretan Yaya na ta ruri.

Matarsa ta ce ya yi a hankali, ya fara kai motar a duba. Ya ce mata ita ba ta san mota ba.

Wata safiya ya zo da sabon kwaɗo, ya datse murfin tanki a gaban masu jiran ɗinki. Yaya ya leƙo yana murmushi, ya tambaye shi ko ɓarayi sun fara shigowa layin ne.

"Ɓarawon ba daga nesa yake ba," in ji Auta. "Tunda motata ta fara kwana a nan, janaretan wani bai ƙara jin ƙishirwa ba."

Yaya ya dube shi, ya koma ciki ya kashe janaretan. Kafin la'asar maganar ta gama layi.

Auta ya mayar da motar harabar wani abokinsa, da kwaɗonta. Mai ya ci gaba da zurarewa kamar da. Nan ya fara kokwanto, ya kai ta wurin bakanike, ya ce a duba ko tanki na yoyo.

Bakaniken ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce tanki ƙalau. Sai ya daki taya da ƙafa ya ce ga mai shan man nan. Ya yi masa bayani dalla-dalla: babbar taya ta fi nauyi da faɗi, sai injin ya yi nishi kafin ya juya ta, ga motar ta ɗaga sama iska na tokare ta. Shi kuwa agogo juyin taya yake ƙirgawa, kuma babbar taya ta fi cin ƙasa a juyi ɗaya, don haka tafiyar da yake nunawa ba ta kai wadda aka yi ba. Ya ce a mayar da tsofaffin tayoyin a gani.

Aka mayar. Man ya yi kwana huɗu cif. Auta ya zauna a cikin motar ya kasa tayar da ita, kunya ta rufe shi har wuya.

Sai da ya yi kwana biyu yana wucewa ta bayan layi kafin ya iya tunkarar shagon. Tun daga nesa ya ji shiru. Ya tarar da Yaya a kan tsohon keken ƙafa, yana takawa yana cije leɓe, gwiwar a ɗaure da tsumma. Inda janareta yake zama babu komai sai tabon baƙin mai a siminti.

Auta ya durƙusa, ya faɗi abin da bakanike ya gano, ya roƙi gafara. Da ya tambayi janaretan, Yaya bai ɗago daga ɗinkin ba.

"Na sayar. Ba na son a ƙara jin ƙararsa a ce da manka yake ci."

Auta ya ce zai sayo masa sabo yau ɗin nan. Yaya ya girgiza kai, ya ce ya yafe duniya da lahira, amma ba ya buƙata. Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Auta. Amma ranar nan, da ya tashi sallamarsa, cewa ya yi, "Ka gaida gida, mai mota."

Mai karatu, tayar da ta wuce girman da aka ƙera motarka da shi, a tankinka take ci. Idan mai ya fara ƙarewa da wuri, ka fara binciken abin da kai ka canza kafin ka zargi mutum. Ana kwance taya a mayar da ta da, amma kalmar sata idan ta fita ba ta komawa baki.