Butar da na cika wa Kawu

Kawuna ya kira ni ƙazami a gidanmu na Gaya, ni kuwa na yi masa hidima.

Ina yaro ya zo hutu daga Faransa da ɗansa. Da la'asar na miƙa wa yaron hannu, sai Kawu ya fizge shi ya ce, "Ile sal!" Na ɗauka salla yake nufi. Na ruga na cika buta, na shimfiɗa masa buzun Baba, ina washe baki. Sai da na shiga lakwal, makarantar boko, na gane ƙazami ya ce da faransanci.

Bana ya dawo tsoho tukuf, ɗan nasa ko rakiya bai yi masa ba. Wai in zuba masa ruwan alwala.

Na ce, "Kawu, hannun nan har yau ban wanke ba. Kira mai tsabtar."