Ƙunshin Riskuwa

Malama Susanna tana cikin raba wa ɗalibai 'yan tutoci kore da fari aka zo aka ce mata an tsamo gawar wata ɗaliba, Riskuwa, a kududdufin bayan makaranta. Saura 'yan kwanaki a sauke tutar Turawa, makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi duk ta ɗauki haramar biki. Ga kitso, ga guga, ga lalle, wanda har 'ya'yan Kirista suka miƙa hannu aka ƙunsa musu.

Inna Tamba, mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai, ita ta fara ganin gawar. Ita ta jawo ta gaɓa, ta kimtsa ta, ta rufe ta da zane kafin kowa ya iso. Aka yi ta sa mata albarka. Ga ta cikin takabar mijinta Malam Yari, mai gadin makarantar, ba kwalli ba turare ba lalle, kullum a dunƙule cikin mayafi, amma ba ta bar 'yar mutane a yashe ba.

Kafin la'asar zargi ya sami masauki. Sara, ƙanwar Susanna uwa ɗaya uba ɗaya, ta yi cacar baki da Riskuwa a kan wadda za ta riƙe babbar tuta ranar maci, har ta ce sai ta ga bayanta. Baki dai shi ke yanka wuya. Shugabar makaranta, wata Baturiya mai son komai ya tafi a layi, ta kulle Sara a ɗakin ajiya, ta ce biki na wucewa za ta miƙa ta ga 'yan doka.

Inna Tamba ce ta je roƙo. "Ki yi mata ahuwa, ranki shi daɗe. Yarinya ta, hushi na yaɗ ɗebe ta." Baturiya ta gyaɗa kai, ta sa aka ƙara wa ƙofar kwaɗo. Susanna ta rungume Inna tana kukan godiya.

Ba yau aka fara ba. Tun da Susanna ta zo daga ƙasar Jos, ba ta san kowa ba, Inna ce ta koya mata tuƙa tuwon shinkafa da gaida manya, tana ce mata ɗiyata. Ita kuwa Susanna, in ta ga Inna cikinta sai ya zama rariya. Saurayinta na Gwadangaji, Inna ta sani. Faɗanta da Baturiya, Inna ta sani. Ko da Riskuwa ta tare ta a bakin aji ta ce bayan biki tana da magana a kan kunun da Inna kan ba ta ta kai wa marigayi Malam Yari yana jinya, wajen Inna Susanna ta fara kai zancen, Inna ta ce shirmen yara ne.

Washegari Susanna ta hau motar kaya zuwa Argungu, inda aka kai gawar. Sunan tafiyar ta'aziyya, amma gaskiya abin da zai fid da ƙanwarta take nema, ko da tsinke ne.

Gidan masunta ne, taru a rataye, ƙamshin bandar kifi ko'ina. Goggon Riskuwa, Aishatu, wadda ta yi wankan gawa, ta ja ta bayan rumbu. Ta rage murya, don mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani.

"Don kin ce an kulle ɗiyar wasu za ni magana, Allah shi gafarta min," in ji ta. "Malama, ɗiyag ga ruwa ba shi cin ta. Tun ba ta iya tahiya ba ubanta yaj jefa ta gulbin Matan Fada. Kududduhi mi na? Amma na ga hannu biyu da ƙafa biyu, lalle sabo, launi guda, ga shaidar tsumma ga wuyan hannu. Ɗaure take cikin ƙumshi sanda ta' iske ruwa. Kuma ba mai ƙumsa ma kai hannu biyu. Ki biɗo wadda taƙ ƙumsa mata, lalle ba shi barin yatsun mai sa shi."

A hanyar komawa Susanna ta ji kamar ta yi ihu. Ina amfanin wannan shaida a makarantar da kowane hannu ja ne? Na ɗalibai ja, na masu dafa abinci ja, na Sara ma ja. An ba ta gaskiya, amma gaskiyar da ba ta buɗe kwaɗo. Ta rungume ƙullin busasshen kifin da Goggo Aishatu ta ba ta ta kai wa baiwar Allah da ta suturta musu ɗiya.

Tana sauka ko ɗakinta ba ta leƙa ba, ta nufi inda ta saba kai kukanta. Inna Tamba tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki, mayafi har gwiwa. Susanna ta durƙusa ta zayyana mata komai, ba ta rage ko kalma ba.

"Bari wanga zance nan, ɗiyata, kak ki kai shi ga kowa," in ji Inna a hankali. "Allah shi ka hidda mai gaskiya."

Susanna ta share hawaye, ta ji sanyi a ranta kamar kullum, ta miƙa mata saƙon Argungu. Inna mace ce mai ladabi, ba ta karɓar kyauta da hannu ɗaya. Ta fiddo hannuwanta biyu daga mayafi, sai ga yatsun mai takaba jawur da sabon lalle har ƙarƙashin farce.