Hancin Doniyor

Wallahi ko rantsuwa na yi muku ba za ku yarda ba, amma duk unguwarmu a Tashkent ba a taɓa yin hanci irin na Doniyor ba. Shi da kansa ya fara faɗa.

Ya ɗan leƙa makarantar koyon jinya kafin malamai su gaji da shi, kuma da karatu ɗaya tak ya fito: gumi ba ya wari. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne a hammata suke cin gumin su saki ɗoyi, kowa da irin nasa. Yawancin Koriyawan nan masu sayar da kwaɗon karas a kasuwa kuwa, guminsu ba ya ƙosar da ƙwayoyin, ko sun wuni a rana ba ka jin komai. Daga nan Doniyor ya samo wa kansa kaka Bakoriya wadda ba wanda ya taɓa gani. Turaren hammata, in ji shi, na marasa gata ne. In ya shigo shagon shayin Baba Ergash, mutane sukan matsa su bar masa fili. Girma ne Allah ya ba shi, in ji shi.

Wata rana da azahar, zafi kamar bakin tanderu, ya kurɓi koren shayi ya bugi ƙirji.

"A rufe min ido, a ba ni rigar kowa. Zan faɗi mai ita, in faɗi ƙabilarsa."

Nodir wanzami ya ɗago kai. "In ka kuskure fa, likitan rabin zango?"

"Ka aske gashin bakina."

Gashin bakin nan shi ne duk dukiyar Doniyor. Ranar Juma'a manyansa za su je nema masa auren Gulnoza, wadda ta taɓa cewa in ban da gashin bakin, fuskarsa da dankali ba su da maraba.

Ya tuɓe rigarsa saboda zafi, ya rataye a reshen inabi, ya zauna daga shi sai singileti. Baba Ergash ya kwance ƙyallen ɗamararsa ya ɗaure masa ido tam.

Aka miƙo ta farko. Ya shinshina, ya yi jim kamar mai duba.

"Ba'uzbeke ne. Tolib mahauci."

Aka yi shewa. Gaskiyar magana, kitsen tunkiya ya ji, ba ƙabila ba, amma wa ya tambaye shi? Ta biyu ƙaurin hayaƙin gurasa take yi, sai ya ce Batajike ne, Farruh mai tanderu. Ta uku ya juya ta ciki da bai, ya cusa hanci har cikin hammata. Ba komai sai ɗan tsami da tafarnuwa.

"Jinina ke nan! Kawu Pak, ɗan'uwan kakata!"

Tsoho Pak mai kwaɗon karas ya ce, "Oho, ashe ina da 'yar'uwa. Allah bai nuna min ita ba."

Doniyor ya murza gashin baki, ya kai hannu zai kwance ƙyallen.

"Tsaya, yaro," in ji Kawu Pak. "Saura ɗaya."

Tun kafin rigar ta iso hancinsa kansa ya yi baya. Ya daure ya shaƙa. Hawaye ya jiƙa ƙyallen. Babu kitse, babu hayaƙi, babu man mota, babu wata sana'a da zai kama. Wari ne zalla, tsohon wari mai zaman kansa. Ya bi mazan unguwa ɗaya bayan ɗaya a ransa, ya rasa wanda zai ɗora wa wannan bala'i. Zufa ta karyo masa. Ya tuna Juma'a, ya tuna dankali.

Can sai ya yi murmushi. Ai shi ne uban 'yan wayo, wa zai yi masa wayo?

"Kun makara! Wannan ba ta ɗan Adam ba ce. Bunsuru kuka goga wa tsumma."

"Ka tabbata, ɗana?" in ji Baba Ergash, yana danne dariya.

"Na rantse da kakata! In kuwa mutum ne, a kore shi daga unguwa, kada uban da ya ba shi 'ya."

Wani ya faɗo daga kan gadon da ake zama shan shayi don dariya. Ta bayansa Doniyor ya fara jin wani sauti da ya sani sarai, shaf, shaf, Nodir na wasa aska a kan fata.

Kawu Pak ya kwance masa ido, ya dafa kafaɗarsa yana toshe hanci da ɗaya hannun. Rigar da ke hannun Doniyor, ashe tasa ce da ya rataye a reshen inabi.

"Mai da rigarka jikinka tukuna, jikanmu, kada gashi ya zuba maka a singileti."