Na'urar da Ta Koyi Tafiyar Baba Jatau

Da asuba Baba Jatau ya ji ƙarar taya a lungu, ta yi gaba ta tsaya, ta yi gaba ta tsaya, kamar mai ciwon gwiwa.

Tun da aka bar wa na'urori aikin kai saƙo, ɗaliban jami'a ke koya musu hanya. Da lungunan tsohuwar unguwa suka gagare su, malamarsu Dakta Hannatu ta ɗauki Baba Jatau ya riƙa tafiya, na'ura na bin sa. Sai ta koyi har da tsayawar da yake yi a ƙofar abokansa da suka rasu, yana musu addu'a.

Da hantsi malamar ta zo da ɗalibanta.

"Baba, minti tara take ɓatawa. Yau za mu goge mata tsayawar nan."

"Ku bar mata ko ƙofa ɗaya, 'yata. Ƙafata ta kusa daina kai ni."

"Sai haƙuri, Baba, da saurinta ake ba yaran maki."

Suna cikin haka na'urar ta tsaya a ƙofar Baba Jatau kansa, inda ba ta taɓa tsayawa ba, ta yi tsit daidai tsawon Fatiha. Maƙwabciyarsa Inna Tabawa ta leƙo.

"Nan kuma wa ya rasu?"