Zanen da ke jikin ƙunshin kwinin

Har yau 'yan gidanmu cewa suke ni na karanta maganin ƙanwata Saratu. Ban karanta komai ba, ina aji ɗaya lokacin.

Inna ta dawo daga asibitin mishan da Saratu a goye, jikinta kamar garwashi, ta miƙo mini ƙunshin kwinin. "'Yar boko, ƙwaya nawa aka rubuta?"

Da baki ina ƙirgawa har ɗari, amma zanen da ke jikin ƙunshin bai ce mini komai ba. Na durƙusa ina zana lambobi a ƙasa ina rera su, har na zo kan mai kama da shi.

"Biyu."

Inna ta ɗura mata. Nan take na ƙudura gobe Malam ba zai huta ba sai na gane kowace lamba da ido.